Kafin a jona wufa ko inbata a mota, a fara tambayar kaurin waya

Duk mai riƙe da wayar hannu ya san halin kebul ɗin caji mai arha. Kan cajar na asali ne, wayar ma lafiyarta ƙalau, amma a jona tun Magariba har a idar da Isha'i ba ta ƙara kashi 20 ba. Da an canja kebul sai caji ya kama gudu. Matasa sun daɗe da koyon wannan darasi a Farm Centre da sauran kasuwannin waya, shi ya sa yanzu za a ga yaro yana juya kwali yana neman inda aka rubuta 60W ko 100W kafin ya biya kuɗi.

Abin mamaki, wannan matashin dai, ranar da Allah ya hore masa mota ko adaidaita sahu ya kai wurin mai wayarin don a saka masa wufa da amfilifaya, ko inbata, ko doguwar fitilar LED, sai darasin ya ɓace masa gaba ɗaya. Zai kwana uku yana kallon bidiyon kwatanta na'urori a YouTube, ya yi ciniki kamar za a yi faɗa, amma wayar da za ta ɗauko wuta daga batir ta kai wa na'urar ko tambayarta ba ya yi. Duk guntun da mai gyara ya zaro daga buhunsa, shi ke nan an gama magana.

A kebul ɗin caji, hukuncin kuskure jinkiri ne kawai. A mota yana iya zama warin roba daga ƙarƙashin kujera a tsakiyar hanyar Kano zuwa Zariya, da yara a baya. Kuma zaɓen kaurin waya ba wani sirrin makanikai ba ne. Lissafi ne da ɗan aji uku na sakandare zai yi da kalkuletan wayarsa, kuma mai motar ne ya fi cancanta ya yi shi, tunda shi zai zauna a cikinta.

Me ya sa wutar mota ta fi ta gida cin waya

Mutane da yawa suna raina wutar mota saboda ba ta jan mutum. Batir ɗin ƙaramar mota bolt 12 ne, wato 12V ɗin da ake gani a jikinsa, idan inji na aiki ya hau zuwa wajen 14V. Wutar gida kuwa 230V ce. Daga nan sai a ɗauka cewa wayar da ta riƙe wutar gida ai wasa ne a wurinta ta riƙe ta mota. Wannan tunani a juye yake.

Abin da ke ɗumama waya shi ne yawan wutar da ke ratsa ta, wato amfiya, ba bolt ba. Amfiya kuma ana samun ta ne idan aka raba wat ɗin na'ura da bolt. Na'ura mai cin 120W a soket ɗin gida rabin amfiya kawai take ja. Ita dai wannan na'ura a 12V amfiya 10 za ta ja, kusan ninki 20. Zafin da waya ke yi kuma ba ya hawa kafaɗa da kafaɗa da amfiya: idan amfiya ta ninka biyu, zafi ya ninka huɗu, idan ta ninka 10, zafi ya ninka 100.

Masu ƙera wayoyin hannu sun san wannan sarai. Abin da ake kira caji mai sauri dabara ce ta ɗaga bolt daga 5 zuwa 9, ko 15, ko 20, domin a tura wat mai yawa ba tare da amfiya ta fi ƙarfin siririn kebul ba. Kebul ɗin USB-C na yau da kullum amfiya 3 aka yarje masa; wanda zai ɗauki amfiya 5 sai an saka masa ɗan cif a kai wanda zai shaida wa caja cewa zai iya. Wato a duniyar wayar hannu, kebul da caja suna gaisawa su yi yarjejeniya kafin wuta ta wuce. A mota babu wannan gaisuwa. Batir ba ya tambayar waya ko za ta iya, abin da na'ura ta nema shi yake bayarwa, kuma batir ɗin da ke juya kik yana iya sakin ɗaruruwan amfiya a lokaci guda. Don rage wannan nauyi ne manyan motoci ke aiki da 24V, Tesla ma ta koma 48V a motarta Cybertruck da ta fito a 2023. Amma Corolla da Camry da Golf da Sharan da suka cika titunan Arewa duk 12V ne, kuma haka za su ci gaba.

Inbata ita ce misalin da ya fi tsoratarwa, kuma ita ce matasa suka fi sha'awa yanzu, musamman masu aiki da laftof a hanya da masu ɗaukar bidiyon biki. Inbata mai ba da 1000W, idan aka haɗa da asarar da take yi a cikinta, kusan amfiya 100 take ja daga batir. A ce an jona ta da waya 2.5mm, irin ta soket ɗin gida, mita 2 zuwa mita 2 dawowa. Wannan waya za ta zubar da kusan 2.8V a hanya, ta mayar da kusan 280W zafi zalla. Kowace mita ɗaya tana fitar da 70W ke nan, fiye da ƙarfen soda da mai gyaran waya ke narkar da dalma da shi. Robar jikinta ba za ta daɗe ba. Da waya 35mm aka yi wannan aikin, 0.2V kawai za a rasa, zafin duka bai wuce 20W ba. Ramin laita kuwa, wanda mutane ke cusa wa komai, yawanci fis ɗinsa 10A ne ko 15A, wato 120W zuwa 180W. Ya ishi cajar waya mai 30W da ta laftof mai 65W. Duk inbatar da ta wuce haka ba wurinta ba ne, ko da an sayar da ita da filogin da ya shiga ramin.

Tambayoyi biyu ne, ba ɗaya ba

Masu wayarin da suka san aikinsu sukan amsa tambaya ta farko da kyau: shin wannan waya za ta ɗauki wannan wuta ba ta ƙone ba? Tambaya ta biyu ce ake tsallakewa: shin wutar za ta isa wurin na'urar da ƙarfinta? A gida, rasa bolt ɗaya cikin 230 ba abin da za a lura da shi ba ne. A mota, bolt ɗaya cikin 12 ya haura kashi 8 cikin 100. Nan ne ake samun fitilar da ke haske kamar aci-balbal, da firjin mota da ke kashe kansa yana cewa batir ya yi ƙasa alhali batir a cike yake, da wufar da ke shaƙewa duk lokacin da kiɗa ya yi nauyi. Sai a koma shago a yi ta rigima da mai sayar da na'ura, alhali laifin yana kwance ƙarƙashin kafet.

Lissafin layi ɗaya ne. A ɗauki 0.0175, wato turjiyar jan ƙarfe, a ninka da tsawon waya a mita, a ninka da amfiya, a raba da kaurin waya. Abin da ya fito shi ne bolt ɗin da zai zube a hanya. Tsawon ya haɗa da zuwa da dawowa, sai dai idan an ɗaure negetib a jikin ƙarfen mota kusa da na'urar, a nan tsawon zuwa kaɗai za a ƙirga. Lambar da ake faɗa a kasuwa, 1.5 ko 2.5 ko 4mm, faɗin fuskar ƙarfen ne idan an yanke wayar, a murabba'in milimita. Ba kaurin robar waje ba ne.

A gwada da na'ura mai jan amfiya 10 da aka ajiye a but, mita 5 daga batir, da waya biyu zuwa da dawowa, mita 10 ke nan. Waya 1.5mm ba za ta ƙone ba, amma za ta cinye kusan 1.2V. Ta 2.5mm za ta ci 0.7V, ta 4mm 0.44V, ta 6mm 0.29V. Ma'aunin da aka saba bi shi ne kada asarar ta wuce kashi 3 cikin 100 ga na'ura mai tsantseni, wato 0.36V, ana kuma iya ɗaga ƙafa har kashi 10 ga abin da bai damu ba, kamar fitilar ado. To ga shi: wayar da ido zai ce ta isa, 1.5mm, ita ce ta faɗi jarrabawa, wadda ta ci kuwa ta ninka ta huɗu.

Sai a yi hattara da lambar da za a saka a lissafin. Wat ɗin da ake rubutawa da manyan baƙaƙe a kwalin amfilifaya, 3000W ko 5000W, yawanci talla ce. Wanda ake nema shi ne wanda aka rubuta RMS a gefensa. Hanya mafi sauƙi ma ita ce a duba fis ɗin da ke jikin amfilifayar: idan guda biyu ne masu 25A, to abin da za ta ja ba zai wuce amfiya 50 ba, komai ƙaryar kwali. Ga irin wannan, daga bonet zuwa but, 10mm ta yi kan iyaka, 16mm ta fi kwanciyar hankali. Kyamarar gaban mota da na'urar bin sawu kuwa ko amfiya ɗaya ba sa kaiwa, 0.75mm ta ishe su har da saura.

Fis na waya ne

Akwai fahimtar da ta zauna a kan mutane cewa fis yana kare na'ura. Babban aikinsa kare waya ne. An yi shi ne ya zama wuri mafi rauni a layin, ya tsinke kafin waya ta yi zafin da zai narkar da robarta. Saboda haka girmansa yana bin kaurin waya: ya ɗara abin da na'ura ke ja kaɗan, amma kada ya kai abin da waya za ta iya ɗauka. A ma'aunin taka-tsantsan, waya 1mm ta jan ƙarfe kada fis ɗinta ya wuce 10A, 1.5mm 15A, 2.5mm 20A, 4mm 30A, 6mm 40A, 10mm 60A. Launi ma yana taimakawa a fis ɗin roba na yau da kullum: ja 10A, shuɗi 15A, rawaya 20A, kore 30A.

Wurin da aka saka shi yana da muhimmanci kamar girmansa. Fis ɗin da ke jikin amfilifaya a but ba zai yi wa wayar mita 5 da ta ratso daga bonet komai ba. Idan ƙarfe ya goge robarta a inda ta huda jikin mota, fozitib ya taɓa bodi, to daga batir zuwa wannan wuri babu mai tsayar da wuta, kuma cire makulli ba zai kashe ta ba. Dole fis ya zauna kusa da kan batir, kamu ɗaya ko biyu, kuma ramin da waya ta bi a saka masa roba. Wannan ɗan abu ne da kuɗinsa bai kai na datar wata ɗaya ba, amma a leƙa bonet ɗin motocin da aka saka wa kiɗa a gani, jar waya ce ɗaure kai tsaye a kan batir an naɗe da salatef.

Mafi muni ita ce al'adar nan ta cewa fis "yana damun mutum". Ya tsinke sau biyu, sai a cire shuɗi a saka kore, ko a naɗa silin waya a gurbinsa, ko takardar azurfar kwalin sigari. Fis ɗin da ke yawan tsinkewa saƙo yake isarwa, kamar yadda waya ke nuna gargaɗin zafi ta dakatar da caji. Wanda ya toshe bakinsa ya mayar da wayar da ke bayan dashbod ta zama fis, ita kuma idan za ta tsinke da harshen wuta take yi.

Abin da ake sayarwa a kasuwa

Ko an yi lissafi daidai, saura a samu wayar da ta kai abin da aka rubuta a jikinta. Wanda ya shiga Ƙofar Ruwa a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko Apo a Abuja, zai samu mai kyau, zai samu marar kyau, sau da yawa a shago ɗaya, farashi ne ya raba su. Akwai wadda aka cika wa roba aka rage ƙarfe, a ido ƙatuwa, a yanka a ga 'yan silla. Wannan ana kama ta da ƙirga: waya mai laushi 1.5mm takan zo da silla wajen 30, ta 2.5mm wajen 50, kowane sili kwatan milimita. Idan aka fere aka ga rabin haka, an san inda aka dosa.

Akwai kuma wadda ake rubuta wa CCA, wato alminiyam da aka shafa wa jan ƙarfe a sama. Ita ce ta cika kwalayen wayar amfilifaya masu arha, masu roba mai sheƙi da ake hango ƙarfe ta ciki. Alminiyam kusan kashi 61 cikin 100 na abin da jan ƙarfe ke ɗauka yake iya ɗauka, don haka aikin da 10mm na jan ƙarfe zai yi sai an samu wajen 16mm na alminiyam. Ga saurin karyewa, ga yin fari-fari a bakin mahaɗa idan danshi ya taɓa shi. Gane ta ba wuya: ba ta da nauyi a hannu, idan aka kankare sili da reza cikinsa fari ne, idan aka kanga masa laita sai ya lanƙwashe ya narke, na jan ƙarfe kuwa ja zai yi ya tsaya. CCA ba haramun ba ce idan an san ita ce, aka ƙara kauri. Cutar ita ce a biya kuɗin jan ƙarfe a tafi da alminiyam.

Masu koyo daga YouTube kuma su lura da AWG, ma'aunin Amurka, wanda lambarsa ke tafiya a juye: ƙaramar lamba ita ce babbar waya. 18 AWG kusan 0.8mm ce, 14 kusan 2mm, 10 kusan 5mm, 8 kusan 8mm, 4 kuwa kusan 21mm. Wanda ya ji Ba'amurke ya ce a yi amfani da lamba 4, ya je kasuwa ya ce a ba shi 4mm, ya sayo wayar da ba ta kai kashi ɗaya cikin biyar na abin da ake nufi ba. Wannan kuskure yana da sauƙin faruwa, domin mai shago ba zai tambaye shi wane ma'auni yake nufi ba.

Ragowar wayar ginin gida ma a bar ta a gida. Mai sili ɗaya ko 'yan silla masu tauri an yi ta ne ta kwanta cikin bango shekara da shekaru ba motsi. Mota kullum cikin girgiza take, a kan titunan da kowa ya san halinsu, ƙarfe mai tauri kuwa idan aka yi ta lanƙwasa shi karyewa yake. Robarta ma yawanci zafin digiri 70 aka yi ta ta jure, ta mota kuwa akwai mai jure 105 har 125. A watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri, inda zafin inuwa ke haura digiri 40, kowa ya ƙiyasta abin da ke cikin bonet.

Uzurin da ake kawowa

Wani zai ce mai wayarin ya shekara 20 yana wannan aiki, yaron da ya karanta abu a intanet ne zai koya masa? Akwai gaskiya a ciki. Yawancinsu sun fi mai mota sanin inda waya za ta bi, da yadda ake matse kai ya kama, da wayoyin da ba a taɓawa: masu rawayar riga na jakar iska, masu ruwan lemo na babbar wutar motocin haibrid, da siraran nan da kwamfutocin mota ke magana da juna ta cikinsu. Amma da yawa sun koyi aikin ne a zamanin da abin da ake ƙara wa mota bai wuce rediyo da hon ba. Kuma ba su kaɗai ke da laifi ba. Mai motar da ya kashe kuɗi masu nauyi a kan na'ura, sannan ya tsaya yana murɗe kuɗin aiki har sai ya kai ƙasa, shi ya tura mai gyara ga buhun ragowa. Mita 5 na jan ƙarfe 16mm kuɗi ne na gaske, ba wanda zai ciro shi daga ladan aikinsa. Gyaran shi ne a raba ciniki biyu: mai mota ya sayo waya da fis da kawunansu da hannunsa, da lamba, ya biya kuɗin aiki daban. Mai gyara na kirki ba zai ji haushi ba, sauƙi ma aka yi masa.

Wani kuma zai ce to a sayi mafi kauri kawai a huta da lissafi. Ta fuskar wuta ba laifi, amma asarar kuɗi ce, ba ta lanƙwasuwa a lungu, kuma idan ta ƙi shiga bakin na'ura sai a ga an yanke rabin sillanta don ta shiga, an dawo gidan jiya. Ba ta kuma ɗauke buƙatar fis, ba ta ƙara wa altaneto ƙarfi. Na ƙananan motoci yawanci tsakanin amfiya 80 da 130 yake bayarwa, motar kanta tana cin kaso mai yawa, don haka inbata mai jan 100 batir za ta bi ta tsotse ko da inji na aiki.

Uzuri na uku shi ne "ai shekara biyu ke nan haka take ba abin da ya faru". Roba ba ta lalacewa rana ɗaya. Tana yin zafi ta huce, ta bushe, ta yi tauri, ta tsage a inda ba a gani.

Idan an gama aiki, gwajin minti 15 ne kafin a bar garejin. A tayar da inji, a kunna na'urar da cikakken ƙarfinta, a auna bolt da maltimita a kan batir, a sake aunawa a bakin na'urar. Bambancin da ya kai rabin bolt alama ce cewa waya ta yi siriri ko wata mahaɗa ba ta kamu ba. Bayan minti 10 a bi wayar da hannu, musamman wurin fis da inda aka ɗaure negetib a bodi, wanda ya kamata ya zama ƙarfe tsirara da aka kankare wa fenti, da waya mai kauri ɗaya da ta fozitib. Ɗan ɗumi ba komai. Inda yatsa ya kasa tsayawa, a kashe a kwance wurin tun mai gyara yana tsaye.